Fulogi huɗu, fulogi shida ko ƙaramin inji mai turbo: wanne ya dace da motar iyali?

Baban_Ikram:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana. Mutum na neman motar iyali ajin Camry, Accord, Sonata, Altima ko Mazda6, 'yar Belgium, shekara tsakanin 2008 da 2018. Aikinta kai yara makaranta da zuwa ofis, sai tafiyar Kano zuwa Abuja jefi-jefi da mutum biyar da kaya a but. Dillalai kowa da bakinsa. Wani ya ce fulogi shida ba ta wahala don haka ta fi daɗewa, wani ya ce a wannan tsadar fetur ɗin hauka ne a saye ta, wani kuma ya ce ƙaramin inji 1.5 mai turbo ya haɗa ƙarfi da rashin shan mai. A ɓangaren ginin injin kansa, ina gaskiyar take?

Dan_KofarRuwa:
Wa alaikumus salam. Camry fulogi huɗu, 2.5. Kayanta kamar ƙasa a Ƙofar Ruwa da Panteka. An gama magana.

InjiniyaKD:
Ba a gama ba tukuna, Alhaji. Malam Baban Ikram, fara raba abu biyu da dillalai ke cakuɗawa: yawan doki da ƙarfin ja. Doki shi ne abin da inji ke bayarwa idan ya hau sama, ƙarfin ja kuma shi ne abin da kake ji a bayanka idan ka taka daga tsaye ko za ka wuce tirela. Camry ta 2012 mai 2.5, wato injin 2AR-FE, doki 178 ce, ƙarfin ja 231 Nm (ma'aunin ƙarfin ja) a wajen juyi 4,100 a minti. Mai 3.5 fulogi shida, injin 2GR-FE, doki 268, ƙarfin ja 336 Nm. Accord ta 2018 mai 1.5 turbo doki 192, ƙarfin ja 260 Nm, amma ita tana ba da shi tun daga juyi 1,600 har 5,000. Shi ya sa a cikin gari ƙaramar turbo take jin kamar babban inji: ba sai ka kai allura sama ba.

Masu ƙera fulogi huɗu na 2.4 da 2.5 su ma sun san iyali suke yi wa mota, shi ya sa suka tsawaita tafiyar fistin fiye da faɗin ramin silinda. K24 na Honda faɗi 87 ne tafiya 99 a milimita, 2AR kuma 90 da 98. Wannan ginin yana ba da ja a ƙasa-ƙasa, amma yana kawo girgiza, sai suka saka shaf biyu masu daidaita ta a ƙasan injin. 2GR akasin haka yake, faɗi 94 tafiya 83, shi ya sa yake son a taka shi kuma ba ya kakkarwa.

Malam_Lissafi:
Ga alƙaluman shan mai na hukumar EPA ta Amurka, gari da babbar hanya a haɗe, idan aka mayar da su kilomita a lita. Camry 2009 fulogi huɗu kusan 10.6, fulogi shida kusan 9.8. Camry 2012 fulogi huɗu kusan 11.9. Camry LE ta 2018 kusan 13.6, hybrid ɗinta kusan 22. Abin lura a nan, tazarar da ke tsakanin huɗu da shida na shekara ɗaya ba ta kai tazarar da ke tsakanin tsohon fulogi huɗu da sabo ba. Waɗannan alƙaluman na sabuwar mota ne a titin Amurka, a cunkoson Kano da iyakwandishan a kunne duk za su sauka, kuma babban inji ya fi sauka saboda ko a tsaye yake yana ciyar da silinda shida.

Maman_Sadiq:
To Injiniya, idan fulogi huɗu ne me ya sa ake ta cewa a guji Camry ɗin da ake kira Muscle? Ai ita ma Toyota ce.

Bakanike_Zazzau:
Hajiya, ba duk Muscle ba ce. Jiki ɗaya ne daga 2007 zuwa 2011 amma inji biyu ne a ciki. 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da 2AZ-FE, 2.4, da giya biyar. 2010 da 2011 tana ɗauke da 2AR-FE, 2.5, da giya shida. Mai shan baƙin mai ita ce ta farkon. Matsalar a fistin take: ramukan da baƙin mai ke komawa ƙasa ta cikinsu a bayan ringin mai suna toshewa da datti, ringin ya maƙale, man da ya kamata a kankare daga bangon silinda sai ya haura ya ƙone. Toyota da kanta ta amince da wannan, ta tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000, kuma ma'auninta shi ne idan mota ta sha kwat ɗaya, kusan lita ɗaya, cikin mil 1,200, a canza mata fistin da ringi.

Yadda ake gwadawa bayan an saya: a ajiye motar a wuri mai daidai, a kashe a jira minti biyar, a cika baƙin mai daidai layin sama. A yi kilomita 1,000, a dawo wuri ɗaya a auna, a ƙara da kwalba mai ma'auni har ya koma layin. Abin da aka ƙara shi ne abin da ta sha. Rabin lita a kilomita 1,000 ya isa a fara tunanin buɗe inji. Kada a dogara da gwajin kwamfireshan kaɗai, domin ringin sama na iya zama lafiya lau ya ba da lamba mai kyau alhali ringin mai ya mutu. Kafin saye kuwa, a cire fulogi a duba baƙin toka mai danƙo a bakinsu, a kuma leƙa bakin salansa.

Gyaran gaskiya shi ne sabon fistin mai gyararrun ramuka da ringinsa. Canza ringi kaɗai a kan tsohon fistin ba tare da an wanke ramukan ba, aikin baya ne.

Oga_Sikana:
Ƙari a kan 2AZ, Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 ita kuma nata ciwon daban ne. Bulok ɗin alminiyom ne, zaren da notin tof silinda ke kamawa yana sakewa, musamman na baya ta gefen manifol ɗin iska. Alamarsa ruwa na tsatsa a bayan inji ana cewa gasket ne. A canza gasket, a zo ɗaurewa noti ya ƙi kamawa. Sai an huda an saka zaren ƙarfe a ramin. Obahitin sau ɗaya ya isa ya jawo wannan.

HondaZalla:
Kun taru a kan Toyota kamar babu wata mota. K24 na EOD da DC (Accord ta 2003 zuwa 2007), doki 160 zuwa 166, sarƙar taimin ce ba bel ba, nozul a manifol, babu wani abin tsoro a jikinsa. Na Evil Spirit (Accord ta 2008 zuwa 2012) doki 177 ko 190 gwargwadon ajin motar. A tuƙi kuwa Accord ta fi Camry kama hanya, wannan ko makaho ya shafa ya sani.

Bakanike_Zazzau:
Babu musu K24 inji ne, amma a faɗi nasa. Na farko, ƙarar kar-kar ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da safe a Evil Spirit, giyar VTC ce da ke kan shaf ɗin bawul na shan iska, fil ɗin da ke kulle ta ya daina kamawa. Na biyu, sarƙar taimin ɗinsa tana miƙewa idan ana barin baƙin mai ya yi ƙasa ko ya tsufa, sai ka ga lambar P0341 a sikana. Na uku shi ne wanda kusan kowa ke mantawa: bawul ɗin Honda ba sa saita kansu, da hannu ake yi da filagej, injin a sanyaye. Na shan iska a K24 tsakanin 0.21 da 0.25 ne na milimita. Na fitar hayaƙi matsewa suke yi da tsufa, kuma matsattsen bawul ba ya ƙara, shiru zai yi har ya ƙone. Mutane na murna inji ba ya ƙara alhali nan ne haɗarin.

Alhaji_V6:
Ni dai ina bayan fulogi shida. Mutum biyar, but cike, esi a kunne, tirela biyu a jere a gabanka tsakanin Zariya da Kaduna. A nan ake sanin mota. Fulogi huɗu sai ta sauke giya biyu tana kuka, shida kuwa giya ɗaya ta isa. Ƙarancin lokacin da ka ɗauka a hannun masu tahowa shi ma tsaro ne.

InjiniyaKD:
Alhaji_V6 ya faɗi gaskiya a kan wucewa. Sai dai fulogi shida ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne mai saye ke faɗawa rami.

Na Toyota, 2GR-FE, sarƙa ce. Abubuwan dubawa uku ne. Akwai bututun baƙin mai na VVT-i da ke da guntun roba a tsakiya a motocin farko-farko na Muscle, robar na fashewa mai ya zube cikin mintuna, Toyota ta maye shi da na ƙarfe zalla, a tabbatar an canza. Akwai tsatsar mai a murfin taimin, wanda gyaransa na sosai sai an sauke inji. Sai wota fam. Baƙin mansa kusan lita 6.1 ne da filta, na 2AR kusan 4.4, wato kowane sabis galan ɗaya ba ya isarsa. Fulogi uku na baya kuma sai an ɗage manifol na sama kafin a kai gare su, shi ya sa za ka tarar an canza uku na gaba an bar na baya tun na kamfani.

Na Honda, J30 da J35, bel ne, kuma idan bel ya tsinke fistin na dukan bawul. Ana canza shi a wajen mil 105,000 ko shekara bakwai, amma littafin Honda ya ce wanda ke tuƙi kullum a zafin da ya haura digiri 43 ya canza a kilomita 100,000. Mutanen Sakkwato da Maiduguri su lissafa watan Afrilu da Mayu su yanke wa kansu hukunci. Ana canzawa ne gaba ɗaya: bel, tenshina, fuli biyu da wota fam, tunda bel ɗin ne ke juya shi.

Sai VCM a Evil Spirit mai giyar otomatik. Dabara ce ta kashe silinda biyu ko uku idan mota na tafiya ba nauyi don a rage shan mai. A takarda abu ne mai kyau. A aikace ringin silindan da ake kashewa na yin datti, mai ya haura ya jiƙa fulogi, sai mis (silinda ta kasa kama wuta) da lambobin P0301 zuwa P0304. Har ƙarar haɗaka aka yi a Amurka aka sasanta a 2013. Kujerun injinta ma na musamman ne masu aiki da lantarki don su shanye girgizar silinda uku, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Idan aka saka na gama-gari, girgizar za ta shigo har sitiyari.

HondaZalla:
A ƙara da cewa V6 na EOD 2003 da 2004 giyarsa ce raunin, ba injin ba. Giya ta biyu ba ta samun isasshen mai tana zafi, Honda ta janye motocin a 2004 ta ƙara bututun fesa mai. Na fulogi huɗu bai shiga wannan ba.

Dan_Maradi:
Salam. Mu nan Nijar motocin Turai sun fi shigo mana ta Kwatano, don haka Avensis da Passat da Peugeot 406 muke gani da yawa. Darasin nozul mai fesawa kai tsaye cikin silinda mun daɗe da karanta shi a Avensis 2.0 D-4, injin 1AZ-FSE. Famfon matsi mai tsada, nozul mai tsada, datti a bawul. Da yawa ƙarshensu sauke injin ake yi a saka wanda nozul ɗinsa ke manifol. Mai neman Avensis ya nemi 1.8. Masu gas (dizal) kuma, HDi da TDI da D-4D, ja da rashin sha babu kamarsu a doguwar hanya, amma na baya-bayan nan masu matatar hayaƙi ba sa son gajeriyar tafiya, toshewa take yi.

Maman_Sadiq:
Ku yi mana bayanin wannan fesawa kai tsayen a sauƙaƙe. Mene ne amfaninsa idan matsala ce da shi?

InjiniyaKD:
Hajiya, a tsohon tsari nozul na fesa fetur a bayan bawul, da matsin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba (bar ma'aunin matsi ne), fetur da iska su shiga tare. A sabon tsari nozul na cikin silinda, famfo na biyu da shaf ɗin bawul ke bugawa yana kai matsin har wajen bar 200. Fetur ɗin da ya zama tururi a cikin silinda yana sanyaya iskar, wannan ya ba maƙera damar ƙara matse ta ba tare da injin ya yi ƙararrawa ba. Ƙarin matsewa kuwa shi ne ƙarin ƙarfi daga lita ɗaya. 2AZ na matsewa ƙasa da 10 ga 1, 2AR 10.4, Mazda6 ta 2014 mai Skyactiv 2.5 ta kai 13 ga 1, haka ma injin A25A na Camry 2018.

Kuɗin da aka biya shi ne fetur ya daina wanke bayan bawul. Tururin baƙin mai da ke dawowa ta bututun numfashin inji sai ya dinga daskarewa a can, sannu a hankali ya rage hanyar iska. Alamomi: girgiza da safe, mis a sanyi, mota ta yi nauyi. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin. Sai an cire manifol, a juya inji har bawul ɗin silindar su rufe, a wanke da hannu ko a fesa niƙaƙƙen ɓawon walnut a zuƙe, silinda ɗaya bayan ɗaya. Toyota ta kauce wa wannan a Camry ta 2018 da tsarin D-4S, nozul biyu ga kowace silinda, ɗaya a manifol ɗaya a ciki. Mazda kuma, don injinta ya jure yawan matsewa, ta bi ta hanyar dogon manifol ɗin hayaƙi mai haɗuwa huɗu zuwa biyu zuwa ɗaya da fistin mai rami a ka, kuma ta bar giyar otomatik shida ta gargajiya. A ganina Mazda6 ita ce wadda aka fi raina wa hankali a wannan ajin, matsalarta a nan ƙarancin kaya ne da ƙasa-ƙasan jiki.

Dan_KofarRuwa:
Mazda6 fitila ɗaya ta fashe ka yi sati kana waya kasuwar Ladipo ta Legas. Ku dai ci gaba.

Sonata_2013:
Ba wanda ya taɓa Sonata. Doki 198 daga 2.4, ga arha, ga kyan jiki. Tun 2011 Hyundai ta watsar da V6 a Sonata ta kawo 2.0 turbo mai doki 274, kafin Honda ta yi haka da shekara bakwai.

Oga_Sikana:
Arhar da dalilinta, ɗan'uwa. Injin Theta II na 2011 zuwa 2014 shi ne wanda aka janye a Amurka. A Satumbar 2015 Hyundai ta kira Sonata kusan 470,000 na 2011 da 2012, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a hanyoyin mai na kuransha tun daga masana'antarsu ta Alabama, daga baya aka haɗa da na 2013 da 2014. Mai ba ya isa metal ɗin kwanrod, metal ya cinye, inji ya buga. Sun ƙara wa burenbos, wato kwamfutar mota, manhajar da ke sauraron bugun ta nok sensa, idan ta ji sai fitilar inji ta dinga ƙiftawa, motar ta ƙi gudu, sikana ta nuna P1326. Abin takaici wasu gogewa kawai suke yi su sallami mai mota.

Wanda ya nace sai Sonata: ya saka lambar shasi a shafin janye motoci na Hyundai ko na hukumar NHTSA ta Amurka ya ga ko an yi aikin, ya nemi shaidar an canza inji a can, ya saurari ƙasan injin a juyi 2,000 zuwa 2,500 bayan ya yi zafi, ya yanka tsohuwar filta ya duba ƙyalƙyalin ƙarfe. Garantin da suka ba Amurkawa ba ya biyo mota tashar jiragen ruwa ta Apapa. Kia Optima ta waɗannan shekarun injinsu ɗaya.

Baban_Ikram:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba a ba ni amsar turbo ba. 1.5 a jikin Accord, ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi ba kuwa?

InjiniyaKD:
Injin an gina shi don wannan nauyin, ba tsohon 1.5 aka liƙa wa turbo ba. Amma lissafin a fili yake: doki 192 daga lita 1.5 ya kai doki 128 a kowace lita, 2AR kuwa kusan 71. Matsi da zafin da ke cikin silinda da kan gasket sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma kuskuren da 2AR zai yafe wannan ba zai yafe ba. An samu rahotannin ƙonewar gasket a 1.5 ɗin Accord, alamarsa ta farko mis da safe da raguwar ruwa ba tare da an ga inda yake zuba ba. Akwai kuma gangarowar fetur cikin baƙin mai, wanda ya fi damun ƙasashe masu sanyi da masu gajeriyar tafiya, a zafinmu da sauƙi amma mai kai yara makaranta kilomita uku ya dinga shinshina sandar awo, idan mai na ƙaruwa maimakon raguwa to shi ne.

Rashin shan man nata ma da sharaɗi. Idan ƙafarka sassauƙa ce, 1.5 kake ciyarwa. Idan mota cike take kana ta taka wa, turbo na tura iska, burenbos na ƙara fetur har da na sanyaya silinda, sai shan ya koma na babban inji.

Sharuɗɗan riƙe ta: baƙin mai 0W-20 na gaske mai tambarin API SP ko SN Plus, domin waɗannan ne aka tsara don hana fashewar fetur kafin lokaci a ƙananan injin turbo. Sabis kada ya wuce kilomita 5,000 a yanayinmu. Filtar iska mai kyau, saboda ƙurar hunturu fuka-fukan turbo take fara ci. Bayan doguwar tafiya da gudu a bar ta minti ɗaya kafin a kashe. Fetur daga gidan man da aka sani.

Bajos:
Abu ɗaya da turbo ta fi kowa: tudu. Jos na kusan mita 1,200 sama da teku, inji marar turbo na asarar kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100, wato fiye da kashi goma ya tafi. Turbo na cike mafi yawan gurbin. Mai hawan Hawan Kibo da iyali zai ji bambancin.

Oga_Sikana:
Ku daina kallon inji shi kaɗai, giyabos ke kashe yawancin motocin nan. Accord fulogi huɗu daga 2013 CVT ce, 1.5 ɗin 2018 ma CVT, 2.0 turbo ce ke da giya goma. Altima tun 2007 CVT ce, kuma injinta QR25 na wannan zamanin ba shi da wani babban laifi, giyar ce ke zafi ta rage gudu a doguwar hanya, har Nissan ta ninka garantinta zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. CVT bel ne na ƙarfe tsakanin fuli biyu, rayuwarsa gaba ɗaya a kan mai take. Honda HCF-2, Nissan NS-2 ko NS-3 gwargwadon shekara. Aka zuba jan man giya na gama-gari, bel ya fara zamewa ya kankare fuli, shi ke nan.

Camry ma ba waliyyiya ba ce. Ta 2012 zuwa 2014 fulogi huɗu tana da kakkarwar tok kwanbata a ƙaramin gudu idan an ɗan taka kaɗan, Toyota ta fitar da gyaran manhaja da canjin kwanbata. Giyoyinta shida ba su da sandar awo, man WS ne, kuma ana saita yawansa ne da sikana idan zafin man na tsakanin digiri 35 da 45 gwargwadon giyar. Wanda ya zuba da ka, ko ya cika ko ya rage.

Bakanike_Zazzau:
Tunda an zo nan bari a faɗi laifinmu kanikawa, domin rabin abin da ake ɗora wa ginin inji mu ne. Mota ta sauka daga jirgi, abu na farko a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don zafin Najeriya. Tamostat ɗin Toyota na buɗewa ne a wajen digiri 82, injin an ƙera shi ya yi aiki sama da haka. Idan ya kasa kaiwa, burenbos na ɗauka har yanzu safiya ce ya ci gaba da ƙara fetur, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin mai. Na biyu 20W-50 a injin da aka rubuta wa 0W-20 ko 5W-20 a murfi. Hanyoyin VVT da tenshinan sarƙa ƙanana ne, mai kauri na jinkirin isa da safe, nan ne ƙarar take farawa. Na uku ruwan rijiya a lagireto maimakon kulan, ya ci alminiyom da wota fam. Na huɗu a fasa indomi, wato matatar hayaƙi da ke layin salansa, a sayar. Tsohon K24 da 2AZ suna jure wannan na wasu shekaru. A25A mai 0W-16 da wota fam na lantarki, ko 1.5 turbo, ba za su jure ba.

Alhaji_V6:
To ai ka dawo maganata. Babban inji marar turbo shi ne mai haƙuri.

Malam_Lissafi:
Haƙuri da kuɗinsa, Alhaji. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lissafin ya canza. Ɗauki mai yin kilomita 1,500 a wata. A kilomita 9.8 a lita zai sha lita 153, a 11.9 lita 126, a 13.6 lita 110. Kowa ya ninka da farashin gidan man unguwarsu. Su kansu kamfanonin sun bar V6: Accord tun 2018, Camry ta 2025 a Amurka hybrid ce zalla.

Hajiya_Hybrid:
Na ji daɗi da aka ambaci hybrid, domin ga aikin da Baban Ikram ya zayyana, cikin gari da cunkoso, nan ne ta fi kowa. Injin Camry hybrid ta 2012 zuwa 2017, 2AR-FXE, yana jinkirta rufe bawul na shan iska don ya ƙona fetur kaɗan, ya rasa ɗan ja, injin lantarki ya cike masa, a haɗe doki 200. Babu kik sitata, babu altaneta, babu bel, esi ma na lantarki ne don haka yana sanyi ko injin ya mutu a danja. Abin da suke kira CVT a jikinta ba bel ba ne irin na Altima, giyoyi ne da injinan lantarki biyu. Abin dubawa baturi ne: ƙananan batura guda 34 a jere, bolt 244.8. A saka sikana a ga bambancin bolt tsakanin rukunonin yayin da ake takawa, a buɗe fankar da ke sanyaya shi a bayan kujera a share ƙura, kada a toshe ramin iskarta da kaya. Ta 2007 zuwa 2011 a duba famfon birki, yana da tsada.

Dan_KofarRuwa:
Baturin Belgium shi ma tsoho ne, Hajiya. Ana canza guda biyu-uku, wata shida wasu su mutu.

Hajiya_Hybrid:
Haka ne idan aka cusa ba tare da an auna ƙarfin kowanne an daidaita su ba. Aikin mai na'ura ne, ba na mai gwada sa'a ba.

Dan_Panteka:
Wani ɓangaren da ba a taɓo ba: mai tunanin mayar da mota CNG, wato iskar gas, nan gaba. Injin da nozul ɗinsa ke manifol, irin 2AZ, 2AR, 2GR-FE, K24 na kafin 2013 da EW10 na 406, juyarwa ce kai tsaye, a huda manifol a saka nozul ɗin gas. Mai fesawa cikin silinda sai kit na musamman, kuma dole ya dinga shan ɗan fetur don nozul ɗin da ke cikin wuta kada ya ƙone. Gas busasshe ne, bawul ɗin hayaƙi sun fi saurin matsewa, don haka mai Honda ya dinga saita bawul da wuri-wuri. Tukunyar kuma za ta cinye kusan rabin but, ƙarfi ya ɗan ragu, wanda fulogi shida ba za ta ji ba sosai amma huɗu cike da mutane za ta ji.

HondaZalla:
@Oga_Sikana CVT ɗin Honda ba ta Nissan ba ce, kada a haɗa su a kwando ɗaya. Accord 2013 zuwa 2017 fulogi huɗu, doki 185, idan ana canza HCF-2 a kan kari lafiya take tafiya. Wanda ba ya son CVT kuma ya ɗauki V6 ɗin wannan zubin, giya shida ce ta gargajiya, doki 278.

Oga_Sikana:
Na yarda ta fi ta Nissan. Tambayar ita ce wa ya san man da aka zuba mata kafin ta iso hannunka. A kwance noti mai maganaɗisu a duba abin da ya kama kafin a biya kuɗi.

Baban_Ikram:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, zaɓin ya rage tsakanin Camry 2.5 ta 2010 zuwa 2017, Accord 2.4, da hybrid idan akwai mai duba baturi. Tambaya ta ƙarshe ga Oga Sikana: kakkarwar nan ta 2012 zuwa 2014, yaya ake gane ta a gwajin tuƙi?

Oga_Sikana:
A bar motar ta yi zafi sosai tukuna, minti goma sha biyar aƙalla. A nemi titi mai santsi, a riƙe gudu tsakanin kilomita 40 da 80, ƙafa a kan totur kaɗan-kaɗan, musamman a ɗan hawa. Idan tana da ita za ka ji gir-gir na daƙiƙa ɗaya ko biyu a ƙasan kujera, ka ɗaga ƙafa ko ka ƙara takawa ta ɓace. A maimaita da sikana a haɗe ana kallon lokacin da kwanbata ke kullewa, idan girgizar ta zo daidai da kullewar to ita ce. Idan ba ta zo daidai ba, a duba kwayil da fulogi da shaf ɗin taya kafin a zargi giya.

Alhaji_V6:
V6 ɗin wannan shekarar giyarta U660E ce, ba ta cikin waccan sanarwar. Ina dai tunatarwa.

Malam_Lissafi:
Lita 27 a wata tsakanin V6 ta 2009 da fulogi huɗu ta 2012, Alhaji. Ni ma tunatarwa nake.